Masu Kiwo da Masu Zuwa Kara a Ƙwallon Amurka

Ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da gudu ƙarti na biye da mutum, watanni biyar kacal ake buga ta, daga Satumba zuwa farkon Fabrairu. Sauran watannin bakwai na gardama ne, gardamar kuma ba ta sauya ba tun 1993: ƙungiya ta gina kanta da samarin jami'a da ake zaɓa a watan Afrilu, ko ta saɓa jakar kuɗi a watan Maris ta sayo gogaggun da kwantiraginsu ya ƙare? Duk wanda ya taɓa shirin layya ya san wannan tambaya. Wani yakan sayi ɗan rago da araha ya yi ta ɗawainiyar dusa da harawa, bai san ko zai yi ƙiba ba. Wani yakan jira jajibiri ya je kara ya kama ƙosasshe da tsada, bai san abin da aka ɗura masa ba.

Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32. Zaɓen Afrilu, wanda aka fara a 1936, zagaye bakwai ne yanzu, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara ɗauka. Kasuwar Maris kuwa ta 'yan wasan da suka yi aƙalla kaka huɗu ce, kowa ya tafi inda aka fi taya shi. Sannan akwai iyakar albashi da ba a yarda kowace ƙungiya ta ƙetare ba: dala miliyan 34.6 a 1994, ta kai miliyan 255.4 a 2024. Dokokin ke nan. Mutanen da suka yi wa dokokin zobe su ne abin kallo.

Wanda ake fara ji a watan Maris shi ne Mai-Buhu. Attajiri ne da ya sayi ƙungiya, ya kuma ɗauka kofi ma a kanti ake sayar da shi. Sarkin wannan jinsi shi ne Daniel Snyder, wanda ya mallaki ƙungiyar Washinton a 1999. Shekara na zagayowa ya kwaso Deion Sanders da Bruce Smith da Jeff George, sunayen da suka yi tashe a lokacin da shi Snyder yake ɗan kallo. Ƙungiyar ta ci wasa 8 ta faɗi 8, aka kori koci tun kaka ba ta ƙare ba, Sanders kuma ya yi shekara ɗaya ya ce ya yi ritaya. Mai-Buhu ba ya ɗaukar darasi, sai dai ya ƙara buhu. A 2009 ya ba Albert Haynesworth kwantiragin shekara bakwai kan dala miliyan 100, miliyan 41 daga ciki tabbatattu ko da me zai faru. Da aka dawo atisaye a 2010, bawan Allah ya yi ta faɗuwa gwajin gudun da aka sa shi yi. A watan Nuwamba na shekarar, a wani wasan dare da Filadelfiya, kyamara ta kama shi kwance rub da ciki a kan ciyawa, ana ta wasa a gefensa, shi kuwa ya yi lamo kamar mai jiran a kawo masa matashi. A 2011 aka miƙa shi ga New England a kan gurbi ɗaya na zagaye na biyar a zaɓen Afrilu.

Kada mai karatu ya zubar wa Snyder da hawaye. A dala miliyan 800 ya sayi ƙungiyar, ya sayar a 2023 a kan biliyan 6.05.

Mai-Buhu yana da ƙane, Mai-Guɗa-Tun-Ba-A-Haihu-Ba. A 2011 Filadelfiya ta yi dami a kasuwa, cikinsa har da Nnamdi Asomugha, haifaffen Amurka ɗan iyaye 'yan Najeriya, a kan dala miliyan 60 na shekara biyar. Ɗaya daga cikin sabbin zuwan, Vince Young, ya tsaya gaban 'yan jarida ya kira su ƙungiyar mafarki. Su ma 8 da 8 suka tashi, sunan kuma ya zama abin tsokana har yau.

A ɗaya ɓangaren akwai Makiyayi. Shi a watan Maris kashe waya yake yi. In aka tambaye shi wa zai saya, sai ya yi murmushi ya ce yana da yara masu tasowa. Ted Thompson, babban manajan Green Bay daga 2005 zuwa 2017, shi ne limamin wannan ɗariƙa. Zaɓensa na farko shi ne Aaron Rodgers, a gurbi na 24, ya kuma ajiye shi a benci shekara uku cur yana kallon Brett Favre. Magoya baya suka yi ta ƙunƙuni kowace bazara, suna ganin 'yan wasa na wucewa ta ƙofar gida manajansu na duba kaset ɗin 'yan jami'a. A Fabrairun 2011 Green Bay ta ɗauki Super Bowl, wato kofin gasar, almajiran Makiyayi suka samu hujjar da suke kafawa har gobe. Abin da ba su cika son a tuna musu ba shi ne, ginshiƙin tsaron wannan ƙungiya Charles Woodson ne, wanda Thompson ɗin da kansa ya sayo daga kasuwa a 2006. Kofin Green Bay na kafin wannan ma, na Janairun 1997, da Reggie White aka ci shi, mutumin da ya buɗe kasuwar a 1993 lokacin da ya bar Filadelfiya a kan dala miliyan 17 na shekara huɗu.

Makiyayi dai yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin babba ne: farashi. A da, yaron da bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba yakan fi tsofaffi albashi. Sam Bradford, na farko a zaɓen 2010, ya samu kwantiragin dala miliyan 78, miliyan 50 tabbatattu. Yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da 'yan wasa ta datse wannan, Cam Newton da ya zo na farko a shekarar ya tashi da kusan miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga nan, ƙungiyar da ta dace da kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo, a zaɓe, takan more shi shekara huɗu a farashin gwanjo, ta zuba rarar kuɗin a sauran gurabe. Brock Purdy ya kai San Francisco wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 alhali albashinsa na kakar bai kai dala miliyan ɗaya ba. A 2025 da lokacin biya ya yi, miliyan 265 aka rubuta masa. Ɗan ragon ya girma, ya kuma san darajar kansa.

Sai Mai-Agogo, wanda yake kwana da abin auna daƙiƙa a wuya. Kowace shekara yakan je Indiyanafolis, inda ake tara samarin cikin gajeren wando ana auna tsawonsu da nauyinsu da faɗin tafin hannunsu, a sa su gudun yadi 40. Marigayi Al Davis na Raiders ya yi suna wajen son mai sauri. A 2009 ya ɗauki Darrius Heyward-Bey a gurbi na bakwai saboda ya fi sauran masu cafe ƙwallo gudu, cafewar ce dai ta riƙa ba shi wahala. John Ross ya yi gudun a daƙiƙa 4.22 a 2017, Cincinnati ta ɗauke shi na tara, ya kammala kakarsa ta farko bai cafe ƙwallo ko ɗaya ba. A 2020 aka auna hannun Joe Burrow aka samu inci tara, aka fara gutsiri-tsoma cewa ya yi ƙanƙanta, har shi kansa ya yi barkwanci a Twitter cewa yana tunanin ritaya. Shekara biyu bayan haka da wannan hannun ya kai Cincinnati Super Bowl.

Mafi ban dariya a jerin shi ne Mai-Sayar-Da-Gona, wanda zai ga yaro ɗaya ya rikice. A 1999 Mike Ditka, kocin New Orleans, ya ƙyalla ido ya ga Ricky Williams. Ya tattara duk guraben da yake da su a zaɓen shekarar, ya haɗa da biyu na baɗi, takwas ke nan, ya danƙa wa Washinton don ya matsa daga na 12 zuwa na biyar. Ya fito taron manema labarai da gashin roba mai tukkaye irin na yaron. Wata mujallar ESPN ta buga hotonsu a bango, Ditka cikin kwat ɗin ango, Williams cikin farar rigar amarya. Auren bai yi ƙarko ba: wasa 3 suka ci, suka faɗi 13, aka sallami ango.

Za a iya cewa an gama da wannan jinsi, sai Les Snead na Los Angeles Rams ya ɓata wa masu wa'azi lissafi. Shi gonar yake sayarwa ya sayi hatsin da aka riga aka sheƙe. Daga 2017 zuwa 2023 ƙungiyarsa ba ta zaɓi kowa a zagayen farko ba. Ya ba da guraben ya karɓo irin su Jalen Ramsey da Matthew Stafford. A Fabrairun 2022 ya ɗauki kofi, ya fito bikin murna da riga mai ɗauke da ashar ga guraben zaɓe, wadda ba za ta fassaru a mujallar mutunci ba. Kaka mai zuwa suka ci 5 suka faɗi 12. Kuma gwarzon wasan ƙarshen nan, Cooper Kupp, yaron gida ne da aka zaɓa a zagaye na uku, haka ma Aaron Donald da ya rufe wasan ɗan kiwo ne tun 2014.

Kishiyar Mai-Sayar-Da-Gona ita ce Mai-Rumbu, wanda tara gurabe ya zame masa ibada. Yana da malamai: Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2017, sun yi nazari suka nuna ƙungiyoyi na tsawwala wa guraben sama daraja, kuma gara a sauka ƙasa a karɓi da yawa. Cleveland ta haddace wannan karatu a 2016 ƙarƙashin Sashi Brown. Har ta yarda ta ɗauki nauyin albashin Brock Osweiler na dala miliyan 16, ba don tana son sa ba, don Houston ta haɗa mata da gurbin zagaye na biyu. Rumbu ya cika maƙil, gida kuwa yunwa: a kaka biyu wasa ɗaya suka ci, suka faɗi 31. A Janairun 2018 magoya baya suka fito cikin sanyi suka yi jerin gwano suna zagaye filin wasa don bikin kakar da ba a ci ko ɗaya ba. Gurbin Osweiler dai ya haifi Nick Chubb, amma kafin a ci moriyarsa an riga an kori wanda ya tara. A 2022 ƙungiyar ta sake riga, ta ba da guraben zagayen farko uku don Deshaun Watson, ta ɗora masa dala miliyan 230 tabbatattu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Waɗanda ba su da ko sisi a harkar su suka fi kowa murya. Akwai Bokan Talabijin, wanda Mel Kiper ya share wa fage a ESPN tun 1984: da an kira suna zai ba da maki, yaro bai ko sa kwalkwali ba. A 1994 ya caccaki Indiyanafolis don ta bar Trent Dilfer ta ɗauki Trev Alberts, manajan ƙungiyar Bill Tobin ya fusata a gaban kyamara ya ce maƙwabcinsa ma'aikacin gidan waya bai gaza Kiper cancanta ba. Alberts kaka uku ya yi. Dilfer ya ci kofi, amma a Baltimore, inda ya je ta kasuwa bayan ƙungiyar da ta zaɓe shi ta gaji da shi. Akwai kuma Mai-Ihu, wanda yake biyan kuɗin mota ya je zauren zaɓe don ya yi wa zaɓin ƙungiyarsa sowa ta raini. 'Yan Filadelfiya sun yi wa Donovan McNabb haka a 1999, saboda su ma amaryar Ditka suke so. McNabb ya yi musu shekara goma sha ɗaya, ya kai su wasan ƙarshe.

Na ƙarshe shi ne Malam Ai-Na-Faɗa, mai hujja ɗaya tilo: Tom Brady, na 199 a zaɓen 2000, an ɗauki kwatabak shida kafin shi. In yana ɓangaren kiwo zai ce ga shi, zinariya a zagaye na shida. Ba zai faɗa ba cewa New England ɗin da ta ɗauke shi ma ta wuce shi sau shida kafin ta waiwayo. In ya koma ɓangaren kasuwa zai ce ga Brady ɗin nan ya tafi Tampa a 2020 yana da shekara 43 a kakar, ya ci kofi nan take. San Francisco ma haka: guraben zagayen farko uku ta kashe a kan Trey Lance a 2021, wasa huɗu ya fara mata, wanda ya cece ta kuma Purdy ne, na 262, mutum na ƙarshe a zaɓen 2022. Masu albashin miliyoyi da ɗakuna cike da kwamfuta, canke suke yi, sai dai cankensu ya fi na mai shayi tsada.

Ranar 9 ga Fabrairun 2025 Filadelfiya ta lallasa Kansas City da 40 da 22 a wasan ƙarshe. Mutum biyu ke bikin ranar haihuwa a cikin ƙungiyar a wannan dare. Ɗaya Cooper DeJean ne, sabon yaron zagaye na biyu, wanda ya tsinke jifar Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, ya gudu da ita har gida. Ɗayan Saquon Barkley ne, wanda aka sayo daga New York Giants ta kasuwar Maris a kan dala miliyan 37.75, ya yi gudun yadi 2,005 a kakar. Makiyayi ya nuna DeJean, Mai-Buhu ya nuna Barkley, kowa ya kwana da gaskiyarsa. John Mara, mai ƙungiyar Giants, kyamara ta taɓa ɗaukarsa yana gaya wa manajansa cewa barci zai yi masa wuya in Barkley ya koma Filadelfiya. Giants ta kammala kakar da cin wasa 3, ta faɗi 14.