Gwanin da Ba Ya Karanta Bayan Leda

Ina da wata cuta da likita ba ya ganinta a awo: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Da ta tsaya a majalisa da sauƙi, amma ta bi ni har kicin.

A wani kanti na ga kuskus mai manyan ƙwayoyi, kowace ta kusa girman masoro. Leda da rubutun ƙasar waje, kuɗi ya fi na shinkafa nesa ba kusa ba, shi ke nan zuciyata ta kwanta. Da na kawo gida uwargida ta juya ledar za ta duba yadda ake dafawa, na fizge. "Haba Hajiya, kuskus ne fa. Yau muka fara cinsa?"

Na yi masa yadda ake wa ƙananan: tafasasshen ruwa, murfi, minti biyar. Na buɗe, ruwa na harkarsa, ƙwayoyi na tasu. Autanmu ya tauna ɗaya, ya tambayi uwarsa ko an manta ba a rege ba. Na ce masa haka Larabawa suke sonsa.

Da wannan ta ƙi, sai na tuna kuskus da dambu 'yan gida ɗaya ne, turarawa ake yi. Na aika aka aro madambacin maƙwabta, abin da ya sa duk layinmu ya ji labarin Alhaji na girki. Na sama ya ƙi nuna, na ƙasa ya manne ya toshe hudojin. An mayar da madambaci da daddare, ba sallama.

Daga nan na fusata, na cika tukunya da ruwa na antaya shi, na tafi kallon ƙwallo. Abin da na tarar sai da muciya. Hajiya ta leƙo, ta ce, "Miyar kuka za a kaɗa, ko kuɓewa?"

Babbar kunyar ta jira ranar da surukata ta zo. A ranar Hajiya ce ta dafa, ni na ɗauki aikin bayani. Na gyara zama na ce abincin Maroko ne, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2020. Ƙanin matata, ɗan jami'a mai ladabin da ke ƙona rai, ya sunkuyar da kai. "Yaya, wancan ƙananan ne, na Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Wannan taliya ce, garin alkama da inji ke mulmulawa a gasa." Ya ce a Isra'ila aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950, lokacin da shinkafa ta yi wuya, firaminista Ben-Gurion ya nemi kamfanin Osem ya samo abin da zai maye gurbinta, suna kiransa ptitim. Falasɗinawa kuma suna da maftul ɗinsu da mata ke murzawa da hannu, mutanen Labanan da mugrabiyya. Na gyaɗa kai a hankali. "Madalla. Dama gwada ka nake yi."

Abin haushin, girkin ya yi daɗi. Albasa Hajiya ta soya, ta zuba ƙwayoyin cikin man har suka yi ja, ta kawo romon kaza kofi ɗaya da rabi a kan kofi ɗaya, ta rage wuta ta rufe minti goma. Ƙwaya-ƙwaya, da ɗan danƙo a haƙori. Na tambaye ta ina ta koya, ta ce a bayan leda. Surukata dai ta yi ta farautarsu da hannu suna zillewa, ta ce, "Sannunku da ƙoƙari, amma burabusko ya fi kama miya."

Washegari bayan isha'i na kai wa majalisa labarin Ben-Gurion cikakke, ban ambaci ƙanin kowa ba. Duk wanda ke kan tabarmar ya gyaɗa kai a hankali, babu wanda ya tambayi inda na ji. Wani ma ya ce ai shi tuntuni ya sani, har ya gyara mini shekarar.