Ka Ce Aljanu Ne Suka Taɓa Gwaggo?

Na ga ka fara girgiza kai, Malam, tun ban buɗe baki ba. Ka ce galahanga, wato autism, lalurar yara ce, me ya haɗa ta da macen da al'ada ta ɗauke wa? To su yaran, hana su girma ake yi? A 1943 likita Leo Kanner ya bayyana lalurar bayan ya duba yara 11 a Amurka, 3 daga cikinsu mata. Na farko a jerin, Donald Triplett, sai 2023 ya rasu yana da shekara 89. Ko shi ma yaro ne?

Ka ce can Amurka ne, mu Yakasai babu. Ranka ya daɗe, mai ƙidayar unguwa! Ka manta gwaggon nan da ake kira miskila tun tana budurwa? Ba ta haɗa ido da mutum, ƙarar injin markaɗe na sa ta toshe kunne, in aka gusar mata da buta daga inda ta saba ajiyewa, ranar gidan ba lafiya. Ban ce kowace miskila ba, kada ka je ka kai ni ƙara wajen mai unguwa. Tantancewa aikin likita ne. Amma ƴa mace gwana ce wajen ɓoye wannan abu. Ta haddace gaisuwa, ta kwaikwayi dariyar ƙawaye, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, mu kuwa mu tafa mu ce kunya ce da tarbiyya. Kunyar ta zame mata mayafi, ta yi shekara talatin a lulluɓe.

Sai shekarun ɗaukewar al'ada su zo, yawanci tsakanin 45 zuwa 55. Sinadarin istirojin ya ja baya. Zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, barci ya ƙaurace, mantuwa ta yi sallama. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a ɗakin cikin birni, ba wuta, ga macen da dama can ƙaiƙayin leshi kaɗai ke hana ta sakat. Ƙarfin da take ɓoyon da shi ya ƙare. Rachel Moseley da abokan aikinta a Jami'ar Bournemouth ta Ingila sun wallafa bincike a 2020, inda masu lalurar suka faɗi haka da bakinsu: ƙara da taɓi sun ƙara yi musu tsanani, damuwa ta yi yawa, dabarun da suka daɗe suna dogaro da su sun daina aiki.

Ka ce aljanu ne. Wato aljanun sun yi haƙuri shekara hamsin, sai da al'ada ta tsaya suka tuna da ita? Ka ce to kishi ne, tunda Alhaji ya ƙaro amarya. Kai dai komai mace ta yi, sai ka nemo namiji a ciki!

A yi addu'a, ban hana ba. Amma Asibitin Murtala ga shi nan kusa, ko adaidaita ba sai an hau ba. Ƴarta ta raka ta, a rubuta abin da ke damunta a takarda tun daga gida, don a gaban likita magana kan maƙale mata. A gaya mata abin da ke faruwa a jikinta ƙarara, ban da habaici, ita ba ta kama zancen da aka nannaɗe. Akwai magungunan da ke rage zafin. A saya mata atamfa mai laushi. In ta ce ba za ta je wunin biki ba, inda guɗa da lasifika ke gasa, a ce mata "Gwaggo, huta abinki," ba a aika mata tawagar masu bin ba'asi ba.

Ka ce wannan ai shagwaɓa ce? Kai da mura ta kwantar da kai kwana uku har ka fara faɗin wanda kake bi bashi?