Kowa da Ƙunshinsa a Gindin Chappal Waddi

Da zarar hunturu ya kawo jiki, aka fara jin ƙanshin hutun ƙarshen shekara, sai ka ga an buɗe sabon zauren WhatsApp a unguwar Narayi ta Kaduna: bana za a je Gashaka-Gumti. Masu cewa "a sa sunana" su cika zaure, masu biyan kuɗi ba su cika motar bas ɗaya ba. Wurin kuwa ya cancanci a yi ɗokinsa. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma tun 1991 yake da wannan matsayi. A cikinsa Chappal Waddi yake, kan iyakar Kamaru, mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Kowa a motar zai ce maka ya fito ne ya huta da hayaniyar gari. Ni dai ban yarda ba. Babu wanda yake barin gari a baya. Kowa ƙunso Narayinsa yake yi a jaka, dutse kuwa ba ya sauya halin kowa, kwance ƙunshin kawai yake yi a bainar jama'a.

Dubi Alhaji Mai Guzuri. Tun a tashar Television ake fara rigima da shi, domin ya zo da jakar Bakko uku, da kular miya, da katifa a naɗe, da ƙaramin janareto, har da dutsen guga, wai kada birai su gan shi da riga a yamutse. Hanya doguwa ce, sai an yini an kwana kafin a wuce Bali a isa Serti, inda ofishin gandun yake, kuma kowane rami motar ta faɗa sai murfin kular ya yi tsalle. Daga inda mota ta tsaya, sauran aikin na ƙafa ne da kan 'yan dako. Nan ake ganin Alhaji tsugune gaban kayansa kamar mai rabon gado, yana zaɓen abin da zai bari. "Ranka ya daɗe, janareton nan fa ba zai hau ba," in ji ɗan jagora. Shi kuma ya ce, "To, malam, a ɗauki dutsen gugan." Da me za a kunna shi, wannan bai dame shi ba.

Abokin tafiyarsa Jarumin Baki ba ya ɗauke da komai sai labari. Ya hau Dala, ya hau Kufena, don haka wannan ma wasan yara ne. Da sabon takalmin da bai taɓa sawa ba ya zo, shi ke gaba a sa'ar farko yana yi wa na baya tsiya. Kafin azahar ya gano cewa yana sha'awar ganyaye ƙwarai, kowace bishiya sai ya zauna ƙarƙashinta ya yi nazari. Bai taɓa gajiya ba, takalmi ne ya cuce shi. Ita kuwa Mai Neman Sabis ba ta ga dajin ba sam. Hannunta na sama da waya tana zagaye kamar mai kiran tsuntsu, kuma babban abin da za ta tuna da Gashaka shi ne wani dutse da ta tsaya kai saƙo ya shigo.

Wanda ya fi kowa ban dariya, ya kuma fi kowa nuna gaskiyar maganata, shi ne Mai Neman Zaki. Ya biya kuɗin shiga, saboda haka a ganinsa dabbobi sun ci bashinsa. Ya saba da gidan namun daji, inda ake leƙa keji a ga dabba kwance tana hamma, sai ya ɗauka nan ma za a yi masa fareti: ɓauna a gaba, dorina a baya. Ana nuna masa sawu a laka yana tambayar ina mai sawun. Ana ce masa ya sassauta murya, yana ba da labarin siyasar Kaduna da ƙarfin da duk wata gada da ke kwarin ta riga ta san wanda zai zaɓa. Abin da bai sani ba, masu binciken birai da suka kafa sansani a Kwano, ƙarƙashin aikin da Farfesa Volker Sommer ya jagoranta, sukan yi kwanaki suna bin sheƙar da biran cimfanzi ke yi a kan bishiya da 'yan sandunan da suke zaƙulo zuma da su, ba tare da sun yi ido biyu da su ba. Mutumin Narayi kuwa yana so a gama masa komai kafin shayinsa ya huce. Da yamma zai nemi a mayar masa da kuɗinsa, alhali ƙudan tsando kaɗai ya ba shi kulawar da ta wuce abin da ya biya.

Za a ce wannan tsiya ba ta dace ba: mutanen da ke zuwa gandun daji a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, in aka mayar da su abin dariya wa zai ƙara zuwa? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kamuku na nan cikin jihar Kaduna, kusa da Birnin Gwari, ya zama gandun ƙasa tun 1999, amma shekarun 'yan bindiga sun sa hanyarsa ta zama abin da ake ambata da addu'a. Wanda ya tara kuɗinsa ya ƙetare jihohi don ya ga dutse, ba ragon mutum ba ne. Sai dai dariya ba ta korar matafiyi, ƙaryar talla ce ke korarsa. Wanda aka gaya wa cewa babu wuta, babu sabis, dare a kan tsauni na da sanyin da hunturun Kaduna bai kama ƙafarsa ba, kuma da damina koguna kan tare hanya, shi zai shirya ya ji daɗi. Wanda aka yi wa alkawarin otal da zakuna shi ke dawowa yana hana wasu. Wani kuma zai ce ai akwai masu dawowa sun sauya. To, a jira mako biyu a gani. Jarumin Baki zai dawo da sabon labari, a cikinsa shi ya ɗauki ɗan jagora a kafaɗa.

Akwai mutum ɗaya da ba a sa ta cikin lissafi tun farko. Mama ce mai shago a bakin titi, wadda aka so hanawa saboda shekaru. Ƙaramar jaka ta ɗauko: rigar sanyi, tocila, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da man zafi. Ta saba tsayuwa daga asuba zuwa dare, don haka tafiyarta ɗaya ce, ba sauri ba tsayawa. Ita ke kiran 'yan dako "'ya'yana", ita ta san wanda aka yi wa haihuwa a cikinsu. Ita ma Narayinta ta ƙunso. A dare na biyu, cikin hazo, Alhaji Mai Guzuri ne zai matso bakin tantinta yana rawar ɗari, ya ce, "Mama, ko akwai sauran garin nan?" Ta auna masa, ta rubuta a littafin bashi.