Goge Huɗu Babu Kalangu

Biyana,
ƙasar Ostiriya.

Zuwa ga taubashina, bawana na Rogo,

Ya jikin Gwaggo, ya yara, ya aikin rake?

Daren Asabar wani abokin aikina ya kai ni gidan kiɗa na Musikverein. Mutum huɗu suka fito: biyu da ƙananan goge, ɗaya da matsakaici mai kaurin murya, na huɗun kuwa nasa ya kai ɗan maraƙi, sai da ya zauna ya jingina shi tsakanin gwiwoyi. Babu kalangu, babu mawaƙi, babu 'yan amshi, babu sanƙira. Da ido da jan numfashi suke tashi tare.

Wallahi kai na fara tunawa. Da kai aka kawo, da tuni an fitar da kai, don na san ba ka iya jin goge hannunka bai shiga aljihu ba. Nan ba a liƙi. Kiɗan gaɓa huɗu ne, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshe. Tari ma adana shi ake yi sai makaɗa sun ɗaga hannu. Ina kai ina wannan haƙuri, mutumin da ke shan rake a jiyo shi daga Karaye?

Kiɗan Joseph Haydn suka yi, wanda ya rasu a wannan birni a 1809, bayan ya tsara irinsa sama da 60. Wannan na 1797 ne, kuma karin gaɓarsa ta biyu shi ne taken ƙasar Jamus a yau. Kari ɗaya ne tak, amma zagayawa yake kamar ƙwaryar fura a gona: wannan ya ɗauka, sauran ukun su sassauta su tallafe shi, sannan ya miƙa wa na kusa. Da ya iso hannun mai babban gogen nan, sai da tsigar jikina ta tashi.

Da aka tashi na matsa kusa na duba. Ashe abin gogawarsu gashin wutsiyar doki ne, ƙaro kuma suke shafa masa, kamar namu. Nan take Garba Liyo mai goge da kukumar Hassan Wayam suka faɗo mini a rai. Su nan a takarda suka rubuta nasu, shi ya sa ya haura shekara 200 ana yi. Namu a hannun makaɗi yake, in ya tafi ya tafi da shi.

Saboda haka ga aiki, bawa. Ka nemo dattijo mai goge, ko a Rogo ko a Karaye, ka sallame shi da kyau, ka ɗauki kiɗansa a waya ka turo mini. Kada ka sa baki a ciki, muryarka ta tallan rake ce. Kuɗin sharar bana suna hannuna, ranar da kiɗa ya iso za su taso.

A gaida Gwaggo da kyau.

Ubangidanka,
ɗan Karaye.