Bawana Bayarabe, Ku Nawa Ne a Ikko?

Bawana, maimakon ka zo ka kwanta rub da ciki ka gaida ubangidanka Bagobiri, sai ka buge da yi min fankamar Legas a waya. To, ga tambaya ɗaya: ku nawa ne a garin nan?

Ƙidayar 2006 ta ce ku miliyan 9.1 ne, Kano na gabanku da 9.4. Kuka tada jijiyar wuya, gwamnatin jiharku ta ce ita ma ta ƙirga, ta samu 17.5. Yau kuma da na tambaye ka sai ka hura hanci ka ce kun haura miliyan 20. Ni dai ban ga laifin malaman ƙidaya ba. Yaya za a ƙirga mutumin da ya fice tun kafin asuba, ya wuni a danfo kan gadar Third Mainland yana cacar baki da kwandasta? An je gidajenku, ba a same ku ba.

Duk Najeriya babu jihar da ta kai taku ƙarancin fili, amma kowa nan ya dosa. Ƙasa ta ƙare muku har kun koma cike teku da yashi kuna kiran wurin Eko Atlantic.

Kuɗi kam akwai, ban musa ba. An mayar da babban birni Abuja a 1991, jiragen ruwa kuwa suka ƙi bin sa, suna nan Apapa da Tin Can suna sauke kaya. Sai dai ka rage murya kan matatar man Lekki mai tace ganga 650,000 a rana, don mai ita Bakano ne.

Leƙa Mile 12 da sassafe ka ga tirelolin tumatir da attaruhu da albasa, ka tambayi direbobin daga ina suke. Shanun mayankar Agege ma ba a Ikoyi aka kiwata su ba. Ka manta 2021, da fatake suka dakatar da lodi na 'yan kwanaki? Jar miyar nan taka mai sa hawaye ta koma ruwan ɗumi, har ka kira ni kana lallashi.

Goron Shagamu da ka yi min alkawari tun sallar bara, ka aiko huhu biyu, ɗaya na tarar jinkiri ne. Kuma ban da daushe.