Ranar da Na'ura Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

An ɗauke ni aikin gwamnati a 1987, lokacin garinmu Katanga yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, don sai a Agustan 1991 aka yanke Kebbi. Ƙa'idar aiki kuwa ba ta da ja: shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, wadda ta riga zuwa. A 2022 aka sallame ni, daidai shekarar da doka ta ƙara wa malaman makaranta wa'adi zuwa 40 da 65. Ni akawu ne, sai kallo.

Kafin giratuti ya fito sai na bi sahun mutanen Aliero, na kama noman albasa. Dashe, ban ruwa, cirar ciyawa, duk da hannun da a da bai san komai ba sai biro da hatimi.

Ana nan aka kira 'yan fansho tantancewa, wai a zaƙulo matattun da ke karɓar kuɗi. Na ɗaure takarduna a leda, har da ta ɗaukar aiki mai tambarin Sakkwato da gara ta ɗanɗana, na shiga mota daga Jega zuwa Birnin Kebbi. Da layi ya zo kaina, yaron da ke gaban kwamfuta ya ce, “Baba, ɗora babban yatsa.” Na ɗora. Ja. Na hura masa iska, na goga a goshi, wani tsoho ya miƙo basilin. Ja dai.

“Baba, zanen ya goge. Na'ura ba ta san ka ba.”

Na ce, “Yaro, ni na rubuta wa ubanka takardar hutu.” Ya rantse ya shaida ni, amma shaidarsa ba ta shiga kwamfuta. Shawararsa: in hutar da yatsan har zane ya dawo.

Haka na koma gida da yatsa a sama kamar ɗan siyasa a fosta. Tuwo da cokali nake ci. Hajiya na shafa masa man kaɗanya safe da yamma tana ce masa “ranka ya daɗe”, tunda shi ke riƙe da cefane. Ƙanena da ya gan shi a naɗe bai tambayi komai ba, ya ɗauko babur zai kai ni wurin masu ɗorin Aliero. Da kyar na ƙwaci kaina.

Gona kuwa sai 'yan ƙwadago, waɗanda suka lashe abin da ya fi fanshon wata biyu.

Da na koma, yatsa ya yi laushi, na'ura ta kawo kore nan take. Ina shirin hamdala yaron ya ce, “Saura na hagu, Baba.”

Da na hagun nake ta cirar ciyawa a ɓoye.