Kafin Ka Hau Ƙaramin Jirgi Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

To, ka ƙudura sai ka je Alaska ka ga kogunan ƙanƙara da idonka. Allah ya kai ka lafiya. A Juneau za ka sauka, babban birnin jihar, kuma kada ka wahalar da bakinka wajen tambayar tashar mota, domin babu titin da ya haɗa garin da sauran Amurka. Ko ta sama, ko ta ruwa. A bakin gaɓa za ka ga manyan jiragen ruwa masu ɗiban mutum dubbai. Wuce su. Naka shi ne ɗan ƙaramin can gefe, wanda fasinjojinsa ba su cika ɗari ba. Kada ka raina shi, ƙanƙantarsa ce ke kai shi lungunan da manyan ba sa iya kutsawa.

Sai maganar sutura. Babbar riga da zanna su zauna a akwati har daren ban kwana, lokacin ɗaukar hoto. Abin da ruwan nan ke so shi ne riga kan riga kan riga, ta ƙarshe wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmin roba har gwiwa, da safar hannu. Daga Mayu zuwa Satumba ake wannan tafiya. Mutanen can lokacin zafi suke ce masa. A jikinka kuwa hunturu ne da aka haɗa masa yayyafi. Kilishi ma bar shi a gida, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya wuce. Kifi ba zai yanke maka ba a jirgi, amma tun ranar farko ka leƙa wajen mai dafa abinci ka gaya masa ba ka cin naman alade.

Agogonka zai rikice, ka yi masa uzuri. A watan Yuni rana kan yi awa 18 a sama, ta fito kafin ƙarfe 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, har Isha da Asuba su kusa yin musabaha. Wajen salla kuma kada ka miƙe ka fuskanci gabas don sabo. Daga Juneau alƙibla kusan arewa take sak, ga shi jirgi yana ta juyawa, sai ka riƙa tambayar matuƙa inda aka dosa.

Ranar da aka shiga mashigin ruwan Glacier Bay ita ce ranar da ka biya kuɗi dominta, saboda haka ba ranar barci ba ce. A 1794, da matuƙin jirgin ruwa George Vancouver ya biyo ta wajen, ƙanƙara ce ta cike kusan dukan mashigin. Yau ta ja da baya fiye da kilomita 100, ruwan da jirginka ke bi duk tsohon mazauninta ne. Can ƙurya za a tsaya gaban Margerie, katangar ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi, faɗinta ya haura kilomita ɗaya. Nan ne ake gane mai haƙuri. Ɓangare guda kan ɓalle ya rufta cikin ruwa da ƙara kamar tsawa, sai dai ƙarar a makare take isowa kunne. Wanda ya jira sai ya ji kafin ya waiga, kumfa kawai zai tarar. Kafa ido, ka bar waya a aljihu, ka rage hira, ko da maƙwabcinka ya matsu ya ji labarin ƙasarku.

Idan aka sauke ƙananan kwalekwale aka ce wa zai shiga, ɗaga hannu. Ɗaura rigar ceto yadda aka nuna maka, ba a kafaɗa kamar gyale ba. Za ka ga karnukan ruwa kwance rigingine suna kallonka, wataƙila da beyar a gaɓa tana juya duwatsu. Gaisuwa daga nesa ta wadatar, ba ta buƙatar hannu.

Kuma idan ma'aikacin gandun dajin Glacier Bay ko wani ɗan ƙabilar Tilingit ya tashi yin bayani, ajiye kofin shayin ka matso gaba. Kakannin Tilingit a wannan mashigi suka zauna har ƙanƙara ta taso ta kore su, kuma jikokinsu na nan a garin Hoonah. Baƙo kake a ƙasarsu, ka saurara da kyau.